Hayar Allon Talla: Kalmomin Da Ya Kamata A Sani

Duk wanda ya shiga manyan garuruwanmu, ko Kano ko Kaduna ko Jos, ba zai rasa ganin manyan alluna a bakin titi ba, ana tallan sabulu, ko takin zamani, ko rigakafin yara. A dā wannan aikin manyan kamfanoni ne kaɗai. Yanzu kuwa makarantu da ma'aikatun lafiya da ƙananan hukumomi duk su kan yi hayar allo, takardar yarjejeniyar kuwa a teburin akawu ta ke sauka, ko a hannun shugaban makaranta. In bai fahimci kalmomin da ke ciki ba, sai ya sa hannu dukiyar jama'a ta salwanta. Saboda haka muka ga ya kyautu mu bayyana waɗansu daga cikinsu.

Abin da za a fara riƙewa shi ne, idanun masu wucewa mai haya ya ke saye, allon kuwa wurin tare su ne kawai. Wanda ya gane wannan, sauran kalmomin ba za su yi masa wuya ba.

Mu fara da girma. Masu wannan sana'a a ƙasarmu sun gāji lissafin Ingila, inda a ke auna allo da falle. Asalin falle takarda ce mai inci 20 a kwance, inci 30 a tsaye. In aka ce allo mai falle 48, watau ƙafa 20 a kwance, ƙafa 10 a tsaye, don falle 48 ne za su rufe shi. Mai falle 96 kuwa ƙafa 40 ne a kwance, tsayinsa bai sake ba. Ko da ya ke yanzu a kan buga tallan a ƙyalle ɗaya, sunan na nan bai mutu ba.

Sai fuska. Allo ɗaya ya kan kasance da fuska biyu, ɗaya na duban masu shiga gari, ɗaya masu fita, kuma kowace da kuɗinta. Tun 1972 motoci a Nijeriya dama su ke bi, don haka fuskar da ke hannun daman direba ta fi kusa da shi, wadda ke ƙetaren titi kuwa sai ya miƙa ido. Lalle a rubuta a takarda wace fuska a ke nufi.

Kuɗi kuma kashi biyu ne, kuma nan ne a kan fi tuntuɓe. Akwai kuɗin haya, watau na wurin. Akwai kuɗin aiki, watau na zane, da bugawa a kan ledar nan mai kauri da a ke kira fileks, da ladan masu hawa su ɗaura. Sau da yawa farashin da za a fara faɗa wa mutum na haya ne tsura, sai ya gama lissafinsa sa'an nan a kawo masa na aiki. A cikin kuɗin aiki za a ga abin da mu ke kira rarar gefe, watau ɗan ƙarin da a ke bari a kewayen hoto don a naɗe shi a bayan allo. Rubutun da ya faɗa cikin rarar nan ya ɓace ke nan.

Game da lokaci, a lura da bambancin wata da mako huɗu. A Amurka mako huɗu huɗu a ke lissafi, sai shekara ta kasu 13 maimakon 12. A Ingila kuwa an fi yin mako biyu biyu. Wanda ya tanadi biya 12 aka nemi 13 a wurinsa, ina zai samo cikon? Haka kuma a tabbatar kwanakin haya sun fara daga ranar ɗaurawa, domin bugu ya kan ci kwanaki. Bayan an ɗaura, mai allo ya kan aiko da hoto mai kwanan wata, shi ne shaidar ɗaurawa. Kada a biya sai an gan shi, gani ya kori ji.

To, yaya a ke auna idanun nan da muka ce su a ke saye? Da ƙidayar masu wucewa a yini. Daga ita a ke fitar da farashin dubu, wanda a takardun Turanci a ke rubutawa da haruffa uku, C.P.M., watau abin da aka biya don talla ya gilma wa ido sau dubu. Ga misali. A ce allo ɗaya naira 300,000 ne a kwana 30, mutum 20,000 ke wucewa kullum. Gilmawa 600,000 ke nan, kowace dubu naira 500. Wani allon naira 150,000 ne, amma mutum 5,000 ke wucewa. Gilmawa 150,000 ke nan, kowace dubu naira 1,000. Ashe mai arahar shi ne mai tsada ninki biyu. Sai dai a tuna, leburan da ke bin hanya ɗaya safe da yamma ana ƙirga shi kullum. Shi ya sa a kan raba yawan mutanen da talla ya kai gare su, da yawan maimaicin da kowannensu ya gan shi.

Akwai kuma allo mai fitila, wanda a ke gani da dare, kuɗinsa ya fi na maras fitila. A tambaya, in wuta ta ɗauke, ko iskar farkon damina ta yage fileks, wa zai gyara, kuma za a rama kwanakin da aka yi hasara? Allon zamani mai kama da talabijin kuwa tarayya a ke yi a kansa. In masu talla shida ne, kowa da daƙiƙa 10, to naka sau ɗaya zai fito a minti.

Na ƙarshe shi ne izini. Tsarin mulkin 1999 ya sa kula da allunan talla cikin ayyukan ƙananan hukumomi, waɗanda suka gāji En'e tun gyaran 1976, ko da ya ke waɗansu jihohi sun kafa hukumominsu, kamar yadda Ikko ta yi a 2006. Wannan izinin wuri ke nan. Abin da tallan ya ƙunsa kuwa, hukumar ARCON ce ke duba shi kafin ya fita, ita ce ta maye gurbin APCON a 2022. Allon da ba shi da izini ana iya tumɓuke shi da tallanka a jikinsa.

Shawararmu ga akawuna da malamai ita ce, kafin alƙalami ya taɓa takarda, a ga girma, da fuska, da kuɗin nan biyu, da ranar farawa, da ƙidaya, da izini, duk a rubuce. Abin da aka faɗa da baki kawai, ran rigima ba a samunsa.