Alalar ƙwai: Guzurin ɗan kasuwa mai sammako da sharaɗin ajiye ta

Duk wanda ya san harkar kasuwa a ƙasar Sudan ya san cewa cikin ɗan kasuwa shi ne na ƙarshe da ake tunawa da shi da safe. Mutum zai fito tun duku-duku, ya tsaya wurin mai shayi ya kurɓi shayin madara da 'yan zalabiya biyu ko uku, daga nan sai wajen ƙarfe goma ko sha ɗaya, lokacin da aka saba zama cin fatur, wato ful da burodi da ta'amiyya. Wannan tsari ya dace da mai rumfa a Suk Libya ko Suk Sha'abi da ke Umdurman, ko kuma Suk Markazi da ke kusa da unguwar Sahafa a Khartum, domin mai ful yana nan kusa da shi. To amma wanda ya ɗora kaya a mota daga Gadarif zuwa Galabat a bakin iyakar Habasha, tafiyar kimanin kilomita 150, ko wanda ke jiran a gama binciken kaya a wani shinge, sau da yawa azahar takan riske shi babu komai a cikinsa sai sukari da mai.

Hausawa na cewa da ruwan ciki ake jan na rijiya. Mai jin yunwa ba ya jure dogon ciniki, yakan sallama kaya da wuri ko ya yi kuskuren lissafi. Wannan ne ya sa yau muka kawo wa mai karatu bayani kan wani abinci mai sauƙin haɗawa, wanda ake iya yi tun kafin a fita, a ƙunshe shi a tafi da shi. Sai dai yana da sharaɗi guda, wanda idan aka yi sakaci da shi, abin da aka yi don ƙarfin jiki sai ya kwantar da mutum.

Abin da ke cikin ƙwai

Ƙwan kaza babba guda ɗaya, mai nauyin kimanin giram 50, yana ɗauke da giram 6 na furotin, wato sinadarin da ke gina tsoka da gyara jiki. A ƙa'idar da masana na Hukumar Lafiya ta Duniya da Hukumar Abinci ta Majalisar Ɗinkin Duniya suka fitar a shekarar 2007, baligi na bukatar giram 0.83 na furotin a kan kowane kilo na nauyinsa a kullum. Ke nan mutum mai kilo 70 na bukatar kimanin giram 58. Ƙwai uku sun ba shi giram 18, kusan kashi ɗaya cikin uku na bukatarsa ta yini, tun kafin ya taɓa ful ko nama.

Bambancin wannan da zalabiya shi ne, fulawa da sukari suna narkewa da sauri, su ba da ƙarfi na ɗan lokaci, sannan yunwa ta dawo. Furotin da kitsen da ke cikin gwaiduwa kuwa sukan daɗe a ciki. Ba wai ana cewa a bar ful ba ne, domin shi ma yana da furotin mai yawa, kimanin giram 7 zuwa 8 a kowane giram 100 na dafaffe. Matsalarsa ita ce ba a sa shi a aljihu, kuma ba kowane shinge ke da mai ƙidira ba.

Ba baƙon abinci ba ne

Larabawan Masar da maƙwabtansu sun daɗe suna yin abin da suke kira ijja, wato ƙwai da aka kaɗa da albasa da ganye, a gasa shi da kauri, a yanyanka, a ci da zafi ko da sanyi. Mu kuma tun daga Kano da Katsina har zuwa Mai Wurno a gabar Shuɗin Nilu, inda jama'ar Sarkin Musulmi Attahiru suka zauna bayan yaƙin Burmi na 1903, matanmu sun san turara alalar wake a gwangwani. Alalar ƙwai haɗin waɗannan biyu ce: kayan ijja, dahuwar alala. A Turai da Amurka ana gasa irinta a ƙananan mazubai cikin tanda, ana sayarwa a shagunan gahawa da tsada. A nan kuwa tukunya da kanun na gawayi sun wadatar.

Kayan haɗi

Domin a sami guda 12, ana bukatar ƙwai 12, da madara rabin kofi, da albasa babba ɗaya, da tattasai biyu, da shatta ko attarugu gwargwadon yadda ake so. Sai jibna fara giram 100, irin wadda aka san garin Duwem da ita, da dakakken sharmut ko kilishi cokali uku, da ɗan shamar da masoro, da man gyaɗa ko na riɗi cokali biyu. Wanda ke son ganye yana iya yanka jirjir ko ya sa zogale kaɗan.

Mazubi mafi kyau shi ne ƙananan kofunan silba. Idan gwangwanin madara za a yi amfani da shi, a tabbata babu tsatsa a ciki, an kuma danne bakinsa don kada ya yanki hannu.

Yadda ake yi

Da farko a yanka albasa da tattasai ƙanana, a soya su sama-sama har ruwansu ya tsotse, a sauke su huce. Wannan mataki shi ne mutane suka fi tsallakewa, kuma shi ke sa alalar ta fito tana tsatsafo da ruwa. Idan za a sa tumatir, a cire 'ya'yan da ruwan cikinsa.

A riƙa fasa ƙwan ɗaya bayan ɗaya a wani ƙaramin kwano kafin a juye a babba, domin ruɓaɓɓe guda kada ya ɓata sauran goma sha ɗaya. A zuba madara a kaɗa har fari da gwaiduwa su haɗe, amma kada a kaɗa har ya yi kumfa. Sannan a marmasa jibna a ciki, a zuba soyayyun kayan da sharmut. A yi hankali da gishiri, jibna da sharmut duk suna da nasu.

A shafa wa kofunan mai sosai, a zuba haɗin ya tsaya kashi uku cikin huɗu, saboda yana tasowa. A shimfiɗa karare ko wani faranti a ƙasan tukunya, a zuba ruwa kaɗan yadda ba zai shiga kofunan ba, idan ya tafasa a jera su, a ɗaure murfin da tsumma mai tsabta don kada gumin ya riƙa ɗiga a kai. A rage wuta, a bar shi minti 12 zuwa 15. Wuta mai ƙarfi takan sa ƙwai ya yi huji-huji ya yi tauri kamar roba. Mai tanda zai gasa a digiri 180 na ma'aunin salshiyas, minti 18 zuwa 20. A soka tsinke a tsakiya, idan ya fito babu ruwa-ruwa, ta nuna. Guda uku da burodi sun kai mutum la'asar, kuma furotin ɗinsu ya haura giram 20.

Sharaɗin da ba a wasa da shi

Dafaffen ƙwai mai madara da cuku yana cikin abincin da ƙwayoyin cuta suka fi saurin hayayyafa a ciki. Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi gargaɗin kada a bar dafaffen abinci a fili fiye da awa biyu, a ajiye shi ko dai ƙasa da digiri 5, ko kuma da zafinsa sama da digiri 60. Hukumomin abinci na Amurka sun ƙara da cewa idan zafin gari ya wuce digiri 32, awa ɗaya ce kawai. Mai karatu ya san a watannin Afrilu da Mayu zafin Khartum da Kasala yakan haura digiri 40, balle cikin mota ko ƙarƙashin tamfol.

Cututtuka biyu ne aka fi jin tsoro. Ta farko salmonela, wadda ke zuwa daga ƙwan da bai nuna ba ko ɓawon da ya taɓa kashin kaji, takan tashi tsakanin awa 6 zuwa 72 bayan cin abincin, da zazzaɓi da gudawa da murɗawar ciki, kuma takan ɗauki kwana biyu zuwa bakwai. Ta biyu kuwa wata ƙwayar cuta ce da ke zaune a hannu da hancin mutane masu lafiya. Idan ta hau dafaffen abinci ya daɗe a ɗumi, sai ta zuba dafi a ciki, mutum ya kama amai cikin 'yan awoyi. Abin lura a nan shi ne sake ɗumamawa ba ya kashe wannan dafin, kuma abincin ba lallai ya yi wari ko ya canza ɗanɗano ba. Don haka shinshinawa ba gwaji ba ne.

Ɗan kasuwar da gudawa ta kama a bakin iyaka ya yi asara biyu, ta ranar kasuwa da ta kuɗin magani, ga kaya a hannun yara. A tuna kuma an ayyana ɓarkewar kwalara a Gadarif a watan Satumba na 2023, aka sake ayyanawa a ƙasa a Agusta na 2024, ta kuma yi tsanani a Umdurman da Khartum a Mayu na 2025. Wanke hannu da sabulu da ruwa mai tsabta kafin haɗawa da kafin ci yana cikin girkin.

Mai firji da marar firji

Wanda ke da firji mai aiki ba yankewa yana iya yin na kwana uku zuwa huɗu a lokaci guda. Da ta huce a zuba a mazubi mai murfi a sa a ciki, da safe a ɗumama ta har tsakiyarta ta yi zafi sosai. Amma tun bayan ɓarkewar yaƙi a ranar 15 ga Afrilu, 2023, tashoshin lantarki sun sha lalacewa, ciki har da na madatsar Marawi da na Umdurman a 2025. Idan wuta ta ɗauke fiye da awa huɗu, dafaffen ƙwan da ke cikin firjin ya tashi daga abin ci, ko da kuwa yana da kyan gani.

Marar firji kada ya dafa da dare. Abin da zai yi da dare shi ne shiri: a daka sharmut, a wanke kofuna, a tanadi gawayi, a ajiye albasa da tattasai. Da asuba a soya kayan, a fasa ƙwai, a ɗora tukunya, kafin a gama ɗaure kaya ta nuna. Kada a fasa ƙwai a kaɗa a bar shi ya kwana. A zuba ta da zafinta a kula mai riƙe zafi wadda aka ɗauraye da tafasasshen ruwa, a ci kafin hantsi ya yi nisa. Ƙunshe ta a leda a jefa gaban mota inda rana ke duka shi ne mafi haɗari.

Wasu za su tambaya game da zir, wato tukunya cikin tukunya da jiƙaƙƙen yashi a tsakani. Wannan dabara wani malami ne daga Jihar Jigawa a Nijeriya, Muhammad Bah Abba, ya yaɗa ta, har ta sa ya sami lambar yabo ta Rolex a shekarar 2000, daga baya aka kawo ta Fashir a Darfur. Tana tsawaita kwanakin tumatir da tattasai da ganye, tana kuma taimakon ɗanyen ƙwai. Sai dai sanyinta ba ya sauka zuwa digiri 5, saboda haka ba ta maye gurbin firji ga dafaffen ƙwai.

Sayen ƙwai da ajiyarsa

Ɗanyen ƙwai cikin ɓawonsa ya fi dafaffe jure ajiya, domin yana da wani siririn rufi da ke toshe ƙofofin ɓawon. Wankewa na cire wannan rufi, don haka ba a wanke ƙwai sai lokacin da za a fasa. A guji mai tsaga ko wanda ya wuni a rana kan tebur. A sa shi a ruwa: sabo yakan nutse ya kwanta, tsoho yakan miƙe tsaye, wanda ya taso sama kuwa a zubar. Kiret ɗaya mai ƙwai 30 zai yi wa mai cin uku kullum kwana goma, sai mutum ya auna kuɗinsa da abin da yake kashewa kan shayi da zalabiya da biskit a kwana goman. Da damina idan ƙwan zabi ya samu, ɓawonsa ya fi kauri, ya fi jure girgizar mota, sai dai ƙarami ne, ana sa uku a madadin na kaza biyu.

Ga tafiyar da za ta kai yini biyu ko uku, alalar ƙwai ta safiyar farko ce kaɗai. Sauran kwanakin a koma ga guzurin da iyaye da kakanni suka ratsa hanyar Cadi da Darfur da shi: kilishi, soyayyar gyaɗa, ƙuli-ƙuli da dabino. Gyaɗa kaɗai tana da kimanin giram 25 na furotin a kowane giram 100, kuma zafin rana ba ya ruɓar da ita.

Masu ciwon sukari ko na zuciya ko na ƙoda su nemi shawarar likita kan yawan ƙwan da ya dace da su, masu hawan jini kuma su rage jibna da sharmut saboda gishiri. Ga sauran jama'a, a dafa ta nuna, a riƙe ta da zafi ko da sanyi, abin da ya wuce lokacinsa kuma a haƙura da shi, domin kuɗin ƙwai uku bai kai na ledar ƙarin ruwa guda a asibiti ba. Allah Ya ba da kasuwa mai albarka, Ya kai kowa gida lafiya.