3.4 Takarar Kansila da Alƙawarin Mulki a Fili a Ƙaramar Hukumar Zariya

A sashen da ya gabata an yi bayanin yadda ake kasa ƙaramar hukuma zuwa gundumomi. A nan kuma za a duba wani alƙawari da ɗan takarar kansila kan iya neman ƙuri'a da shi, wato gudanar da mulki a fili. Abin da ake nufi da mulki a fili a wannan nazari shi ne jama'a su san kuɗin da ya shigo baitulmalin ƙaramar hukuma, da inda aka kashe shi, da kuma wanda ya yanke shawarar kashewar.

Wannan buƙata ta daɗe a Arewa. A watan Agusta na 1950, Malam Abubakar Tafawa Ɓalewa ya gabatar da ƙuduri a Majalisar Arewa da ke Kaduna, yana neman a gyara tsarin En'e domin talaka ya sami ta cewa. A wannan watan ne kuma aka kafa jam'iyyar NEPU a Kano. Zariya ma tana da hannu a wannan tarihi, domin a 1947 aka buɗe makarantar horar da akawuna wadda ta zama Cibiyar Koyar da Aikin Mulki ta Kongo, inda aka horar da ɗimbin ma'aikatan En'e. Gyaran 1976 ne ya kawo tsarin ƙananan hukumomi iri ɗaya a duk faɗin Nijeriya.

Zariya ɗaya ce daga ƙananan hukumomi 23 na Jihar Kaduna, tana da gundumomi 13, ciki har da Tudun Wada da Gyallesu da Tukur-Tukur. Kowace gunduma tana zaɓen kansila ɗaya. Aikin kansila shi ne yin dokokin ƙaramar hukuma, da amincewa da kasafin kuɗi, da sa ido a kan ɓangaren ciyaman. Ba shi ke riƙe da kuɗi ba. Saboda haka, ɗan takarar da ya yi alƙawarin gina asibiti ya faɗi abin da ya fi ƙarfinsa. Amma akwai abubuwa uku da zai iya cikawa:

(a) Liƙa kasafin kuɗin shekara a kasuwa da ƙofar gidan mai unguwa, cikin Hausa, boko da ajami, tunda da Turanci ake rubuta shi.

(b) Kiran taron gunduma a kai a kai, inda zai bayyana matsayinsa kan kowace shawara da aka yanke a majalisa.

(c) Bin diddigin kuɗin shiga na kasuwanni da tashoshin mota, da aikin kwashe shara, waɗanda Tsarin Mulkin 1999 ya ɗora wa ƙananan hukumomi.

Doka tana mara wa irin wannan ɗan takara baya. Dokar 'Yancin Samun Bayanai ta 2011 ta ba ma'aikatar gwamnati kwana bakwai ta amsa wa mai neman bayani. Haka kuma, Jihar Kaduna ta shiga ƙawancen duniya na gudanar da mulki a fili a 2018. Bugu da ƙari, ranar 11 ga Yuli, 2024, Kotun Ƙoli ta hukunta cewa a riƙa biyan ƙananan hukumomi kasonsu kai tsaye, ta kuma haramta naɗa kantomomi a madadin zaɓaɓɓu.

Duk da haka, akwai cikas. Na farko, ba a tsayawa takara sai da jam'iyya, don haka ɗan takara yakan fi jin tsoron uban gidansa fiye da masu zaɓe. Na biyu, asusun haɗin gwiwa na jiha da ƙananan hukumomi ya daɗe yana hana a san ainihin abin da ya iso ƙaramar hukuma, kuma aiwatar da hukuncin 2024 ya gamu da jinkiri. Na uku, kansila ɗaya cikin 13 ba ya cin ƙuri'a a majalisa sai ya shawo kan 'yan'uwansa.

Daga bayanan da suka gabata, za a fahimci cewa wannan alƙawari yana da ma'auni mai sauƙi. Idan shekara ta zagayo, mutumin Tudun Wada zai iya zuwa ya duba ko an liƙa kasafin, ko an kira taron. Sashe na gaba zai nazarci kalmomin da 'yan takara kan yi amfani da su wajen isar da irin wannan saƙo.