Koya wa Kwamfuta Salsalar Gidan Dabo

Tun da ChatGPT ta fito a ƙarshen 2022, da an ce ƙirƙirarriyar basira sai hankalin mutane ya tafi ga manhajar da ake hira da ita. Akwai kuwa wata tsohuwar hanya da ba ta da wannan farin jini, amma ita na fi yarda da ita a kan duk lamarin da ba ya son kame-kame. A nan ba a barin na'ura ta yi kirdado. Kai za ka zauna ka rubuta mata abin da aka sani, ka kafa mata ƙa'idoji, ita kuma ta riƙa ciro hukunci daga ciki, in ka nema ta nuna maka ta inda ta bi.

Ƙofar shiga mafi sauƙi ita ce Prolog, harshen kwamfuta da Alain Colmerauer da Philippe Roussel suka ƙirƙiro a birnin Marseille na Faransa a 1972. Nau'in da masu koyo suka fi ɗauka shi ne SWI-Prolog, wanda Jan Wielemaker ya faro a Jami'ar Amsterdam a 1987. Kyauta ne, tsohuwar kwamfuta ma tana ɗaukarsa, kuma in ka sauke shi sau ɗaya ka huta da sayen data. Wanda ba ya son saukewa sai ya nemi shafin SWISH a intanet.

Shawarata ga mai farawa ita ce ya ajiye misalan littafi, ya ɗauko abin da ya sani da ka. Mu da ke zaune a Nassarawa GRA kullum muna wuce Gidan Sarki na Nassarawa, inda aka binne Sarkin Kano Ado Bayero a 2014. Saboda haka da ɗan ƙanwata ya zo hutu yana neman in ɗora shi a hanya, salsalar gidan Dabo na sa shi ya rubuta. Layin farko shi ne uba(dabo, maje_karofi). Ma'ana, Ibrahim Dabo, wanda ya hau gadon sarauta a 1819, shi ya haifi Abdullahi Maje Karofi. Sai Maje Karofi ya haifi Abbas, Abbas ya haifi Abdullahi Bayero, shi kuma ya haifi Muhammadu Sanusi na Ɗaya da Ado. Sunaye da ƙananan haruffa ake rubuta su, babban harafi kuwa gurbi ne da na'ura za ta cike, kuma kowane layi da ɗigo yake ƙarewa. Wannan ɗigo ya sa masu koyo da yawa zufa.

Sai ƙa'ida ta farko: kaka(X, Z) :- uba(X, Y), uba(Y, Z). Wato uban ubanka kakanka ne. Yaron ya tambayi na'urar kakan Ado, ta ce abbas, alhali babu layin da ya faɗi haka. Daɗi ya kama yaro, ya ƙara mata cewa duk waɗanda uba ɗaya ya haifa 'yan'uwa ne. Da ya nemi 'yan'uwan Ado, sai ta kawo Sanusi, ta ƙara da Ado ɗin kansa.

"Kawu, ai ta ruɗe," in ji shi.

Ba ta ruɗe ba. Ba wanda ya gaya mata cewa mutum ba ya zama ɗan'uwan kansa, domin mu ba mu taɓa buƙatar faɗar haka ba. Yawancin aikin ke nan: tono abin da kowa ya sani amma ba mai furtawa. Douglas Lenat ya fara aikin Cyc a Amurka a 1984 don tattara irin wannan sani, yana kai har ya rasu a 2023.

Akwai wani hali na Prolog da ya wajaba a sani kafin a kai ta kusa da abu mai nauyi: duk abin da ba a gaya mata ba, tana ɗaukarsa babu shi. Ɗauki rabon gado. Miji yana samun rabi in matarsa ba ta bar ɗa ko 'ya ba, rubu'i in ta bari. Matar aure kuwa rubu'i ko sumuni. Ƙa'idoji ne tsararru, suna shiga na'ura cikin sauƙi, kamar yadda masana a Imperial College ta Landan suka zuba dokar zama ɗan ƙasar Birtaniya ta 1981 cikin Prolog. To amma in mai shigar da bayani ya manta 'yar da mamaciyar ta haifa a auren fari, na'ura za ta ba miji rabi ba tare da ta yi gezau ba. Malamin gado kuwa sai ya tsare dangi da tambaya kafin ya ɗauki alƙalami. Manhajar Protégé ta Jami'ar Stanford, ita ma kyauta, akasin haka take bi: abin da ba a faɗa ba, sai ta bar shi a matsayin ba a sani ba. Ta fi wuyar koyo, don haka ita ce mataki na biyu.

Wanda ya iya wannan kuma yana da wurin aiki a buɗe. Wikidata, da aka buɗe a 2012, da irin wannan tsari na wane, dangantaka, wane take adana bayanai, kuma a 2021 an sa Hausa cikin 'yan harsunan da aikin Abstract Wikipedia ya zaɓa ya fara mayar da hankali a kansu. Buɗe asusu kyauta ne, kuma sunan hakimin garinku ko shekarar da aka kafa makarantarku, muddin kana da madogara, ya isa ka fara.