Taƙaita wa'adin shan antibiyotik a cututtukan fata: matsalar fassara

A wannan ɗan rubutu, za mu duba wata matsala da ta haɗa likitanci da ilimin harshe.

A da, mai kumburin fata na bakteriya, wato *dermohypodermite*, yakan sha antibiyotik kwana 10 ko fiye. A shekarar 2004, wani bincike da aka yi a Amurka ya nuna cewa kwana 5 na *lévofloxacine* suna warkarwa daidai da kwana 10, muddin cutar ba ta yi tsanani ba. A 2022, littafin AWaRe na Hukumar Lafiya ta Duniya (OMS) ya tsaida kwana 5. Dalili kuwa, duk ranar da aka ƙara ba bisa bukata ba tana ba ƙwayoyin cuta damar sabawa da magani.

To, ƙaƙa za a faɗi *traitement court* da Hausa? In aka ce « gajeren magani », maras lafiya na iya ɗauka cewa da zarar ya ji sauƙi sai ya bari. Ke nan, adadin kwanakin ne ya kamata ya fito fili. Don haka muke ba da shawarar a ce: « A sha kwana 5 cur, ko an ji sauƙi, in kumburi bai ragu ba, a koma likita. »