Alli da Almakashi

Kai wa tsohon tela shadda mai tsada, ka tsaya ka ga aiki. Zai auna ka, ya zana da alli, ya goge, ya sake aunawa. Wani lokaci ma ya ninke ta ya ce sai gobe. Ya san alli yana goguwa, ɗinki yana warwaruwa, amma inda almakashi ya bi, ya bi ke nan.

Haka malaman Yahudawa na dā suka riƙe hukuncin kisa. Attaura ta ambaci laifuffukan da ake kashe mai yinsu, kuma ba su musanta ba. Sai dai sun cika hanyar da awo. Shari'ar rai sai alƙalai 23 sun zauna. Sai shaidu biyu sun gani da idonsu, sun kuma gargaɗi mutumin tun kafin ya aikata. Ikirarin bakinsa ba ya isa a kashe shi. Rinjayen alƙali ɗaya ya isa a sake shi, amma kama shi da laifi sai rinjayen biyu. In an wanke shi, a ranar zai koma gida. In kuwa an karkata ga kisa, sai a kwana a kan maganar, ko wani zai tuno hujjar da za ta cece shi. Wannan ita ce "sai gobe" ta tela.

Littafin Mishna, wanda aka harhaɗa wajen shekara ta 200 Miladiyya, ya ɗauki kotun da ke kashe mutum ɗaya a shekara 7 a matsayin mai ɓarna, wani malami ya ce ko a shekara 70. Rabbi Akiba da Rabbi Tarfon suka ce da suna cikinta, ba wanda za a kashe. Rabban Shimon ben Gamliyel ya ja musu kunne cewa hakan zai yawaita masu zub da jini. Maganarsa abin dubawa ce, domin telan da ya ƙi yanka sam ya bar mutane ba riga. Amma Musa bin Maimun, wanda ya rasu a Masar a 1204, ya fifita sakin masu laifi dubu a kan kashe marar laifi ɗaya. Ɗalibin fiƙihu zai tuna ƙa'idar kau da haddi saboda shubuha.

Kashe marar laifi kuwa ya taɓa faruwa: a 1948 sojojin Isra'ila sun harbe wani hafsansu, Meir Tobianski, bisa zargin leƙen asiri, bayan shari'ar gaggawa. Shekara guda bayan haka aka wanke shi, yana kabari. A 1954 ƙasar ta soke kisa a kan laifin kisan kai, a 1959 kuma ƙungiyar majami'un Yahudawa masu ra'ayin gyara ta Amurka ta fito fili ta ƙi hukuncin.

Alƙali ɗan Adam ne, shaida kan yi ƙarya, ido kan yi gizo. Wanda aka ɗaure bisa kuskure ana iya buɗe masa ƙofa a nemi gafararsa. Duk kotun da ta san tana iya kuskure, wajibi ne ta zaɓi hukuncin da za ta iya janyewa.