Mangwaron Kabaidi da Gwarzon Ƙwaya

Tun kafin bazara ta kankama za ka fara ganin mangwaro a bakin tasha, an jera shi kashi-kashi a faranti, rawaya shar kamar an shafa masa fenti. Ido ya gani, yawu ya tsinke, ka saya. Sai ka kai shi baki ka ji tsami ya kashe maka haƙora, tsokar ciki fara, babu ƙanshi, babu zaƙi. Ka ajiye sauran, kwana biyu ka tarar baƙin tabo ya feso masa. Duk wanda ya saba da kasuwa ya san abin da ya faru: ɗanye aka tsinko shi, aka zuba a kwando, aka cusa ƙullin kabaidi a tsakiya, aka rufe da buhu.

Kabaidi dai kayan aikin masu walda ne. Idan ya sha danshi yakan fitar da wata iska mai kama da wadda 'ya'yan itace ke fitarwa da kansu idan lokacin nunarsu ya yi. Sai ɓawon ya ruɗu ya sauya launi, alhali cikin bai shirya ba. Hukumar NAFDAC mai kula da abinci da magunguna a Najeriya ta sha yin gargaɗi a kansa saboda gubar da ke tattare da shi. Iyayenmu ma suna nunar da mangwaro a ɗaka, cikin tulu ko dusa, amma ba sa tsinko shi sai ya ƙosa. Sun san ƙosawa daban, nuna daban. Ƙosawa aikin bishiya ne da ruwa da rana da watanni, kuma babu wanda ya taɓa samun hanyar yanke ta.

Duk lokacin da na ji labarin an kama ɗan wasa da ƙwayoyin ƙara kuzari, kwandon nan nake tunawa.

Jikin ɗan wasa ma ƙosawa yake yi. Idan ya yi atisaye mai tsanani, tsokarsa takan ɗan tsattsage ta ciki, sannan abinci da barci da hutu su ɗinke ta, ta dawo ta fi da ƙarfi. Haka ake yi yau da gobe har shekaru. Jijiyoyin da ke ɗaure tsoka da ƙashi kuwa sun fi tsoka nawar girma. Ƙwayoyin gina tsoka, waɗanda ake haɗawa don su kwaikwayi sinadarin mazantaka, sukan kumbura tsoka da sauri su bar jijiya a baya, shi ya sa ake ganin ƙaton damtse amma jijiya ta tsinke. Suna wahalar da hanta, suna kaurara tsokar zuciya, kuma idan yaro mai tasowa ne suna iya rufe masa girman ƙashi tun bai kai tsawonsa ba. Ɓawo ya nuna, ciki ɗanye.

Babu inda aka yi wannan aiki da tsari kamar Jamus ta Gabas. Daga 1974 gwamnati da kanta ta mai da shi shirin ƙasa. Ana ba 'yan mata masu iyo da masu guje-guje wasu shuɗɗan ƙwayoyi, Oral-Turinabol, ana ce musu bitamin ne, wasunsu ko makarantar sakandare ba su gama ba. A gasar Olamfik ta Montreal a 1976, matan ƙasar suka kwashe zinare 11 cikin 13 na iyo. Duniya ta ga launi ta yi tafi. Sai bayan rushewar katangar Berlin aka buɗe takardun sirri, aka ga cikin kwandon: muryoyi sun koma na maza, gashi ya fito inda bai kamata ba, ciwon hanta, ɓarin ciki, baƙin ciki mai kwantar da mutum. A shekarar 2000 wata kotu a Berlin ta samu shugaban wasannin ƙasar, Manfred Ewald, da babban likitan shirin, Manfred Höppner, da laifin cutar da 'yan wasa.

Nan ne kwatancen ya fi taɓa min rai. Mangwaro ba shi ke saka wa kansa kabaidi ba. Akwai dillali mai son ya riga kowa shiga kasuwa, akwai kuma mu masu saye da ido. A 2014, a gasar ƙasashen renon Ingila a Glasgow, wata 'yar Najeriya mai ɗaga ƙarfe, Chika Amalaha, ta ci zinare tana da shekara 16. Cikin 'yan kwanaki aka karɓe lambar, domin an samu haramtattun magungunan sa fitsari a jikinta. Dokar wasanni ta ce ɗan wasa ne ke ɗaukar alhakin duk abin da aka samu a jikinsa, kuma dole ne dokar ta tsaya haka. Amma idan ɓera da sata, daddawa ma da wari. Duk inda aka kama ƙaramin yaro, ya kamata a tambayi manyan da ke kewaye da shi, masu horarwa da likitoci da jami'ai.

Wani lokacin ma ba a kai kasuwa. Ranar 13 ga Yuli 1967, ana tsakiyar tseren keke na Tour de France, ɗan Ingila Tom Simpson ya faɗi a kan hawan dutsen Ventoux cikin tsananin zafi, ya mutu yana da shekara 29. An samu ƙwayar amfetamin a jikinsa. Gajiya da ciwo 'yan aike ne, jiki ke turo su su ce a dakata. Ƙwaya ba ta kawar da matsalar, ɗan aiken kawai take rufe wa baki. Daga baya masu tseren keke suka koma ga EPO, sinadarin da ƙoda ke samarwa don ɓargo ya ƙara jajayen ƙwayoyin jini. Allurarsa tana ƙara numfashi, amma tana kaurara jini kamar kunun da ya sha gari, zuciya ta yi ta fama da turawa. Abin kunyar da ya fashe a tseren 1998, lokacin da aka kama motar ƙungiyar Festina maƙare da magunguna, shi ya kai ga kafa WADA, hukumar yaƙi da haramtattun magunguna a wasanni ta duniya, a 1999.

Akwai kuma wanda aka fi mantawa da shi: manomin da ya jira mangwaronsa ya ƙosa, ya iso kasuwa ya tarar an riga an ci ciniki. A Sydney a 2000, 'yan Najeriya huɗu, Clement Chukwu da Jude Monye da Sunday Bada da Enefiok Udo-Obong, suka zo na biyu a gudun miƙa sanda na mita 400 sau huɗu, bayan Amurka. A 2008 ɗaya daga cikin Amurkawan, Antonio Pettigrew, ya amsa cewa yana amfani da haramtattun magunguna. Sai a 2012 aka tabbatar wa Najeriya da zinarenta. Sunday Bada ya rasu a Disamba 2011. Gaskiya ta yi halinta, amma taken ƙasar da ya kamata a kaɗa masa a filin nan ba a taɓa kaɗa shi ba. Yanzu ana adana fitsari da jinin 'yan wasa har shekara 10, don a sake gwadawa idan ilimi ya ƙaru.

Kada mu ɗauka wannan magana ta manyan filaye ce kawai. Tun 1 ga Janairu 2024 WADA ta haramta tiramadol lokacin gasa, ƙwayar da kowa ya san yadda ta yi yawa a unguwanninmu. Yaron da ke haɗiyarta kafin ya shiga filin ƙwallon unguwa ko fagen dambe, don kada ya ji zafin targaɗe ko naushi, cikin kwandon nan yake shiga da ƙafarsa, kuma babu likita kusa da shi.

Abin da yake bukata a wurinmu shi ne abin da bishiya ke ba ɗanta: lokaci. Abinci mai gina jiki, barci isasshe, ruwa a lokacin zafi, da mai horarwa wanda zai iya ce masa, "Yau ba za ka buga ba, sai gwiwar nan ta warke." Mu ma 'yan kallo sai mu koyi abin da tsofaffin masu saye suka sani. Ba sa tsayawa kallon launi. Sukan ɗauki mangwaro su auna nauyinsa a hannu, su kai shi hanci. Idan bai yi ba, su ajiye su ce da saura.