Amfani da Manhajar Lissafi ta SageMath a Kan Windows: Tushen Matsalar da Hanyoyin Warware Ta

1.0 Gabatarwa

Maƙasudin wannan takarda shi ne yin bayani a kan wata matsala da takan sha kan malamin lissafi a duk lokacin da ya yi niyyar koyar da ɗalibansa da kwamfuta. Manyan manhajojin lissafi na sayarwa, irin su Mathematica da Maple da MATLAB, kuɗinsu ya fi ƙarfin aljihun ɗalibi. Ga kuma wata manhaja ta kyauta mai suna SageMath wadda ke iya yin galibin ayyukansu, sai dai an gina ta ne domin Linux, alhali kwamfutocin ɗakin gwajin kwalejin da nake koyarwa, da na hannun ɗalibaina, kusan dukkansu Windows ne a kansu. Takardar za ta nuna daga ina wannan saɓani ya taso, sa'an nan ta bi hanyoyin da aka gwada domin warware shi.

2.0 Mece ce SageMath?

William Stein, wani masanin lissafi ɗan Amurka, shi ne ya fito da ita a shekarar 2005. Buɗaɗɗiyar manhaja ce, watau asalin rubutun umarnin da aka gina ta da shi a fili yake, kowa yana da izinin karantawa, ya gyara, ya kuma raba wa wasu. Wannan ba ƙaramin abu ba ne ga mai lissafi, domin mu ba mu karɓar amsa sai mun ga hujja. Idan manhaja ta ba da amsa amma ta ɓoye hanyar da ta bi, to ɗalibi ya ji ne kawai, bai gani ba, alhali kuwa gani ya kori ji.

Abin lura shi ne, SageMath ba gini ɗaya ba ce. Gungu ce ta manhajoji masu yawa waɗanda aka ɗinke da harshen Python. Daga cikinsu akwai Maxima, wadda ta samo asali daga Macsyma da aka fara a MIT a 1968. Da GAP ta nazarin rukunai a aljabara, wadda aka fara a Aachen ta Jamus a 1986. Da PARI/GP ta nazarin lambobi, daga Bordeaux ta Faransa. Da Singular daga Kaiserslautern. Kowacce da maginanta, kowacce da zamaninta.

3.0 Tushen Matsalar

Hausawa sun ce ruwa ba ya tsami banza. Kowace kwamfuta tana da babbar manhajar da ke rarraba wa sauran aiki, wadda za mu kira uwar manhaja. Windows uwar manhaja ce, haka ma Linux, wadda Linus Torvalds ya fara a 1991 bisa tafarkin Unix. Galibin sassan SageMath a gidan Unix suka tashi, sabo da haka akwai abubuwan da suka saba samu a wurin uwarsu waɗanda Windows ba ta tanada ba. Za mu kawo uku.

Na farko, a Unix akwai umarnin da ake kira fork, wanda ke sa aikin da ke gudana ya rabu gida biyu, ɗaya ya ci gaba, ɗaya ya kama wata hidima. SageMath ta dogara da irin wannan dabara wajen tayar da sassanta da yin magana da su. Windows kuwa ba ta ba manhajoji wannan umarni ba.

Na biyu, sunayen fayiloli. Linux tana bambanta babban baƙi da ƙarami, ta yadda Aiki da aiki fayiloli biyu ne daban, amma Windows a bisa al'adarta ɗaya take ɗaukarsu. Har ila yau, alamar da ke raba sunan jaka da na fayil ta sha bamban a tsakaninsu.

Na uku, kuma shi ya fi shafar lissafi, girman gurbin lamba. A harshen C, wanda aka rubuta sassa da dama da shi, akwai gurbin da ake kira long. A Linux mai bit 64 faɗinsa bit 64 ne, amma a Windows bit 32 ne, watau lamba mafi girma da zai ɗauka ita ce 2,147,483,647. Manhajar da aka rubuta da zaton gurbin yana da faɗi tana iya ba da amsar da ba daidai ba, ba tare da ta yi gargaɗi ba. Kuskuren da ba ya shela kuwa ya fi kowane kuskure haɗari.

4.0 Hanyoyin da Aka Gwada

4.1 Kwamfutar kwaikwayo. Da fari, mai Windows yakan sa wata manhaja kamar VirtualBox wadda ke kwaikwayon cikakkiyar kwamfuta, sai a ɗora Linux da SageMath a cikinta. Hanyar tana aiki, sai dai uwaye biyu ne ke cin abinci a akushi ɗaya, don haka ƙaramar kwamfuta takan yi nauyi ainun.

4.2 Cygwin. Wannan tafinta ce da ke karɓar buƙatun Unix ta mayar da su zuwa abin da Windows ke fahimta. Ta wannan hanya aka sami SageMath 8.0 mai shiga Windows kai tsaye a 2017. Amma kwaikwayon fork yana da jinkiri, kula da aikin kuma yana da wuya, daga baya aka daina. Duk wanda ya tsinci wannan tsohon kunshi a intanet ya sani cewa an bar shi a baya.

4.3 WSL. A 2016 kamfanin Microsoft ya shigo da wani tsari a Windows 10 mai ba da damar gudanar da manhajojin Linux. Kashi na biyu, WSL 2, wanda ya fito ga jama'a a 2020, yana ɗauke da ainihin zuciyar Linux a cikin wata 'yar kwamfutar kwaikwayo mara nauyi. Da haka matsaloli ukun nan suka kau, domin SageMath tana zaune ne a gidansu. Wannan ita ce hanyar da maginanta ke ba mai Windows shawarar ya bi.

4.4 Intanet. Dandalin CoCalc, wanda Stein ya buɗe a 2013 da sunan SageMathCloud, yana ba mutum damar yin aiki ba tare da ya sa kome a kwamfutarsa ba. Amma ranar da layi ya yanke, darasi ya tsaya.

5.0 Matakan Aiki da WSL

Da farko a tabbatar an kunna damar kwaikwayo a saitin BIOS, domin wasu kwamfutoci a kashe take zuwa. Sai a buɗe PowerShell da ikon mai gudanarwa a rubuta wsl --install, wanda zai sauko da Ubuntu. Bayan an sake kunna kwamfutar, sai a sa SageMath ta hanyar conda-forge, a tayar da ita da umarnin sage -n jupyter, a kwafi adireshin da ta bayar a liƙa a burauzar Windows. Ya kamata a ajiye fayilolin aiki a ɓangaren Linux, domin karanta su daga /mnt/c yana da jinkiri a WSL 2.

Kada a shiga aji sai an yi gwaji biyu. Na farko, a rubuta 2^3. Idan amsa ta fito 8, SageMath ce ke aiki; idan ta fito 1, to Python zalla aka zaɓa bisa kuskure, domin a wurinta wannan alama wata ma'ana gare ta. Na taɓa ɓata rabin darasi a kan wannan, ɗalibai suna ta zargin kwamfuta da rashin iya lissafi. Na biyu, a rubuta factor(2^67-1). Amsar ita ce 193707721 sau 761838257287, wadda Frank Nelson Cole ya gabatar a gaban taron masana a 1903 bayan doguwar wahala da alƙalami. Yau ɗalibi zai same ta kafin ya ɗaga kai.

6.0 Kammalawa

Daga abin da ya gabata, mun ga cewa laifin ba na SageMath ba ne, ba kuma na Windows ba. Kowacce da irin ginin da aka yi mata. Darasin da tarihin ya koyar shi ne, kawo wa manhaja gidan da ta saba ya fi sauƙi bisa tilasta mata zaman gidan da ba nata ba. Shawarata ga abokan aiki ita ce, daidai ruwa daidai tsaki: kwamfuta mai ƙarfi a sa mata WSL 2, tsohuwa wadda ba za ta iya ɗauka ba a ɗora mata Linux ita kaɗai, intanet kuwa a bar shi domin aikin gida. Sa'an nan sashen lissafi ya yi saukarwar nan tun kafin zangon karatu ya fara, a lokacin da akwai wuta da layi. Ɗaliban da muke horarwa su ne malaman gobe, kuma abin da za su iya ɗauka su tafi da shi makarantunsu shi ne wanda doka ta halatta musu su kwafa su raba.